Ku Koyi Ƙarasa Aikin Allura: Nasiha ga Ƙannena na Fagge da Sabon Gari



Da wuya a shiga tsohon gida a Fagge a rasa akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, kuma da wuya a buɗe akwatin a rasa wani aikin allura da ya shekara da shekaru a ninke. Wani gaban babbar rigar Alhaji ne, wuya ya cinye, kafaɗa ta yage, amma aska da tambari suna nan daram. Wani rigar filo ce da Hajiya ta zuba wa furanni da zaren ulu tun tana budurwa. Wani kuma bangon hula ne da yayarku ta kai shi rabi, hidimar aure ta taso, ta tura shi ƙasan kaya. In an yi sa'a kafur na tsaron su, in ba a yi ba asu da gara na cin rabonsu.

Nasihata gare ku guda ɗaya ce: ku fito da irin wannan aiki, ku koyi ƙarasa shi. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce a mayar da shi matashin ado, irin wanda ake jerawa a kujera ko a kan gado. Aikin hannu ba ya zama dukiya sai ya shiga amfani. Wanda kuwa ya iya ƙarasa aiki da tsafta, har a wurin da ido ba ya kaiwa, ya riƙe sana'ar da ba za ta ba shi kunya ba.

Duk wanda ya tsaya a Bata, a nan Kano, da hantsi ya ga inda kuɗin garin nan ke bi. Ta gefe guda ga kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Muhammad Abubakar Rimi. Ta ɗaya gefen ga Fagge da Kantin Kwari, inda ake zuwa sarin yadi daga Nijar da Chadi da Kamaru. A shagunan labule da zanen gado za ku tarar da matasai jibge a leda, dozin-dozin, masu ƙyalli, kowanne irin ɗan'uwansa sak. Uwar amarya ta zo ta ɗauki shida, a kai ranar jere, 'yan kallon ɗaki su yaba. Kafin a yi suna sun lotse, adon da aka manna musu ya fara ɓarewa. Ba na ganin laifin mai shago, abin da ake nema shi yake kawowa. Sai dai Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Garin nan da tufafin hannunsa ya yi suna. Fagge kanta zango ce tun asali, inda ayarin Buzaye ke sauke raƙuma a bayan ganuwa, su sayi turkuɗi da riguna su koma hamada. Lokacin da Heinrich Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa kayan saƙa da rini na garin suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus, ya kuma ƙiyasta abin da ake fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta kafu ba da jimawa ba, kantunan Turawa da na Kwarori suka cika da kayan waje. Ita kanta Bata daga kantin wani kamfanin takalma ta sami suna, kamfanin da aka kafa a ƙasar Cek ta yau a 1894. Duk da haka yadin waje bai kashe allura ba. Masu surfani sun karɓi shadda kamar yadda suka karɓi saƙi, suka ci gaba da zuba mata aiki. Abin da ya matse su a zamaninmu shi ne injin kwamfuta, wanda ke gama wuyan riga tun kafin mai allura ya cike aska ɗaya.

Kada ku yi tsere da inji a kan sauri ko araha, ba za ku ci ba. Ku tare shi a inda ba shi da ƙafa. Inji yana fitar da ɗari iri ɗaya, ku kuwa za ku fitar da guda ɗaya wanda babu irinsa a ɗakin kowa. Inji bai san mai aikin ba, ku kuwa kuna iya cewa, “Wannan kakata ce ta ɗinka,” ko “Wannan daga rigar mahaifina aka ciro shi.” Akwai masu saye da wannan maganar kaɗai za ta sa su zura hannu a aljihu, kuma kullum ƙaruwa suke, a gida da waje.

Kafin ku taɓa almakashi, ku koyi kallo. Ku shimfiɗa tsohuwar riga mai aska takwas a tabarma da rana, ku durƙusa a kanta. A ƙirjin hagu, kan aljihu, askokin suke gangarowa, dogaye masu tsini. A dama da kuma baya ga tambari ya naɗe kansa. Ku matso da ido, za ku ga filin da kuke zaton shafe yake ashe ƙananan huda-huda ne barkatai, kowace an zagaye bakinta da zare, ɗaya bayan ɗaya. A wani lungu za ku hango alamar tawadar mai zayyana tana leƙowa ta ƙarƙashin zare, inda alƙalaminsa ya ɗan kauce allura ta gyara masa. A wani wurin launin zaren ya ɗan sauya, nan ne curi ɗaya ya ƙare aka ɗauko wani. Sai ku juya bayan. Aikin gwani bayansa ma abin kallo ne, babu ƙulli ƙato, babu zare na reto. Masaƙi da marini da mai zayyana da mai ɗinki da mabugi duk sun sa hannu a wannan riga, kuma wata da watanni ta ci kafin ta hau kafaɗar mai ita. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai yanke ta da ganganci ba.

Na waje sun daɗe da ganin darajar abin. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekaru yana nazarin surfanin Hausa, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. A birnin Zariya kuma, inda ɗinkin babbar riga ya yi ƙarfi, mata sun shiga sana'ar daga cikin gidajensu. A shekarun 1990 wasunsu suka haɗu a ƙungiyar da ake kira Queen Amina Embroidery, suka ɗauko adon riga suka ɗora a rigunan mata da shimfiɗun tebur da rigunan matasai, kayansu suka je har kasuwar sana'o'in hannu ta duniya a Santa Fe ta Amurka. Ba su ƙirƙiro sabon ɗinki ba. Wanda suka gada suka sauya wa mazauni. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma abin da aka yi a Zariya babu abin da zai hana a yi shi a Fagge, inda yadi da zare da tela duk suke a bakin ƙofa.

Yanzu ga sharuɗɗa uku da nake so ku riƙe kafin aiki.

Na farko, izini. Rigar mamaci gado ce, akwai haƙƙin magada a cikinta ko da ta tsufa. Ku tambayi iyaye da baffanni da gwaggonni, a amince, sannan ku yanka. In mai aikin na raye, ku je ku durƙusa ku ce, “Hajiya, ina son in mayar da wannan matashi, kin yarda?” Sau da yawa za ta yarda, har ta gaya muku shekarar da ta yi shi da wanda ya koya mata.

Na biyu, ba kowace riga ake yankawa ba. In kuka tarar da ta saƙi mai aikin tsamiya ko alharini, kuma jikinta da sauran ƙarfi, ku bar ta ɗungurungum. Irinta ake ajiyewa a Gidan Makama da gidajen tarihi na Turai, kuma darajarta a cike ta ninka ta matasai goma. Wadda jikinta ya mutu aikinta ya rage, ita ce taku.

Na uku, duk ƙyallen da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba a yin matashi da shi. Matashi abin jingina ne, yara na hawa, yana faɗuwa ƙasa. Wannan a sa shi a firam a rataye.

In an cika waɗannan, sai wanki. Ku fara jiƙa farin ƙyalle ku danna a kan kowane launi na zaren. In ya ɗauko launi, aikin yana zuba, kada ku tsoma shi a ruwa, ku kaɗe ƙura ku shanya a inuwa kawai. Baba da jan zare su suka fi wannan hali. In bai zuba ba, a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar kaifi, ba cuɗa, ba murɗa, ba bilic. A naɗe shi a tawul ya tsotse ruwan. Tsohon aiki yakan karkace saboda jan zare, don haka tun da sauran danshi a shimfiɗa shi a katako mai tsabta, a ja shi a hankali har kusurwoyi su daidaita, a kafe da fil a bar shi ya bushe a haka. Wajen guga, a kifa fuskar aikin a kan tawul a goge ta baya. Wanda ya ɗora dutsen guga a fuskar surfani ya kwantar da shi, ya kashe tudun da ke ba shi kyau.

Sai awo da yanka. Matashin kujera yawanci inci 16 ne ko 18 kowane gefe. Ku sa adon a tsakiya, ku bar masa filin numfashi, ku ƙara rabin inci na ɗinki, ku ja layi da alli. Kafin ku yanka, ku bi layin nan da keke sau biyu ku danne zaren. Saƙi ƙwarya-ƙwarya ake haɗa shi, da zarar an yanka ba a danne ba sai ya fara warwarewa, aikin ya bi shi. In ƙyallen bai kai girman da kuke so ba, kamar bangon hula, ku kewaye shi da yadi marar ado wanda launinsa ya ɗauko ɗaya daga cikin launukan zaren. Kada ku haɗa shi da atamfa mai hayaniya, za ta danne shi. Tsohon ƙyalle ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai, sai an yi masa shafi da farin yadin auduga mai ƙwari. Shi wannan yadin, da na bayan matashin, ku wanke su tukuna, domin sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, in kun haɗa shi da tsoho ba ku wanke ba zai tattare fuskar aikin.

Matashin kirki biyu ne a ɗaya: akwai ciki, akwai riga. Cikin buhu ne na farin yadi da ake ɗura wa auduga a ɗinke bakinsa. Rigar ita ce mai ado, ana cire ta a wanke. Masu gaggawa kan ɗura auduga kai tsaye a cikin aikin su ɗinke, ranar da yaro ya zubar da shayi a kai shi ke nan. Cikin ya fi rigar girma da inci ɗaya ko biyu, ta haka zai cika ta ya tsaya da kyau. Abin ɗuri kuwa, iyayenmu audugar rimi suka sani. Ba ta da nauyi, ba ta saurin shan ruwa, in ta kwanta a shanya ta a rana ta tashi. Sai dai a tsince 'ya'yanta tas saboda ɓera, a kuma nisanta ta da wuta da kaskon turare, don saurin kamawa gare ta. Faiba ta zamani ma tana yi, tana kuma wankuwa. Gutsattsarin soso yakan yi gudaji. Tsumma da ragowar yankan tela kuwa, wanda ya cusa su a ciki ya sayar da sunan auduga ya ci amana, ko da mai saye bai taɓa farkewa ya gani ba.

A kusurwa ake gane tela. In an ɗinka ta a miƙe sak, bayan ɗuri sai ta tsaya fanko kamar kunnen zomo. Ku ɗan shigar da ɗinkin ciki kaɗan yayin da kuke kusantar kowace kusurwa, ku rage ƙyallen da ya taru a wurin kafin ku juya, ku tura auduga can da yatsa. Gefen yana ƙara kyau da siririyar igiya da aka lulluɓe da ƙyallen da aka yanka a karkace, don ya lanƙwasu ba tare da ya tattare ba. Zif a baya ake sa shi ko a gindi, a ɓoye. In babu zif mai kyau, a yi bayan da baki biyu masu hawa kan juna. Mai son ƙasaita ya je kasuwar Kurmi wajen dukawa, waɗanda suka gaji yin tum-tum, a yi masa baya da jar fatar akuya, a sa tuntu a kusurwoyi. Amma ado kada ya yi yawa har ya fi ƙarfin aikin allurar da aka taru dominsa.

Tsofaffin ayyuka za su ƙare wata rana, don haka dole ku koyi yin sabo. A nan ma matashi ne makarantar da ta fi dacewa. Riga tana cin watanni, mai koyo ya gaji ya yar. Fili mai inci 16 kuwa ana ganin ƙarshensa, a gama, a ji daɗi, a ɗauki wani. Ku fara da dagi ɗaya ko tambari ɗaya a tsakiya. Samari, kada wani ya ce muku wannan aikin mata ne. Ɗaruruwan shekaru maza ne ke surfanin riga, malamai da almajiransu a zaure da gindin bishiya, da shi suke ci da kansu suna karatu. 'Yan mata, wannan sana'a ce da ba ta hana makaranta, ba ta hana zaman gida, jarinta allura da zare da yadi ɗaya. Ku yi aiki da hasken rana, ku riƙa ɗaga kai kuna hutar da ido, domin ido shi ne babban jarin. Sannu ba ta hana zuwa.

Maganar kuɗi ita ce inda masu aikin hannu suka fi cutuwa, kuma sau da yawa su ke cutar kansu. Ku sayi ɗan littafi. Ku rubuta kuɗin yadi da zare da zif da auduga da na Adaidaita Sahu zuwa Kwari ko Ƙofar Wambai. Sannan ku rubuta kwanakin da aikin ya ci, ku yi musu kuɗi, domin lokacinku ba kyauta ba ne. In mai saye ya ce, “Ai a Sabon Gari ana ba da uku a wannan kuɗin,” kada ku yi fushi, kada kuma ku karya farashi don kunya. Ku buɗe zif ku nuna masa bayan aikin da shafin da cikin, ku bar shi ya zaɓa. In kun ɗauki hoto don WhatsApp ko Instagram, ku ɗauka da hasken rana, ku nuna gaba da baya, ku faɗi gaskiya: wannan na hannu ne, wannan na inji ne, wannan tsoho ne an gyara, ga inda aka yi masa faci. Ranar da kuka sayar da aikin kwamfuta da sunan na hannu, kun sami kuɗin yini ɗaya kun zubar da sunan shekaru.

In kuma kasuwa ta buɗe har kuka fara ba wasu aiki, ku tuna da matan da ke cikin gida. Da yawansu sun tsufa a kan allura, ana karɓar aikinsu a ba su abin da bai kai kuɗin cefane ba, riba ta tsaya a hannun mai kaiwa kasuwa. Kada ku zama irin wannan ɗan tsakiya. Ku yi ciniki da su a fili tun kafin a fara, ku biya a kan lokaci, in ta yarda ku faɗa wa mai saye wadda ta yi aikin. Addininmu ya hore mu da kyautata aiki da biyan ma'aikaci haƙƙinsa ba da ja-in-ja ba, kuma albarkar sana'a a nan take.

Abu na ƙarshe, ku nemi malami. Bidiyon waya yana nuna yadda ake riƙe allura, amma ba zai kama hannunku ya ce kun ja zare da yawa ba. A layukan telolin Fagge da cikin gidajen unguwa akwai dattawa maza da mata da suka san sunan kowane ado da yadda ake fara shi da inda ake tsayawa, kuma da yawansu babu wanda ya taɓa zuwa ya ce a koya masa. Ku je da ladabi, ku gaishe su, ku riƙa ɗan ihsani, ku jure gyara ko da an ce ku warware aikin yini guda. In kun iya, ku ma ku zaunar da wani ƙaninku ku koya masa, da sharaɗin ba zai ɗauki sabon aiki ba sai ya ƙarasa na hannunsa.

Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya ba ku haƙurin koyo da gaskiyar ciniki, Ya jiƙan magabatan da suka bar mana wannan sana'a. Amin.